Dalilin da ya sa gilashin tsohuwar mota ke jan jiki, da yadda ake gano matsalar kafin a kashe kuɗi

A kan hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta ratsa Dambatta da Kazaure, har yau ba a rasa tsofaffin motocin da suka ƙi ritaya. Akwai Peugeot 505, akwai Mercedes 200 da 230 na da, akwai V-boot, ga kuma Golf 3 da 'yan haya suka riƙe hannu bibbiyu. Daga Kazaure wasunsu kan karkata su nufi Roni da Gwiwa, wasu su yi Babura ta bakin iyakar Nijar. Da yawansu injinsu garau yake, amma akwai ciwo guda da ya zame musu ruwan dare. A danna makunnin gilashi, sai gilashin ya taso da ƙyar kamar mai ciwon baya, ya tsaya a rabi, har sai direba ya sa tafin hannu ya taya shi.

Abin yana kama da ƙaramar matsala, amma wanda ke zaune a wannan yanki ya san ba haka ba ne. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma motar da gilashinta ya maƙale a rufe ba ta shiguwa. Hadarin farkon damina kuwa da guguwa da yashi yake fara zuwa kafin ruwa, gilashin da ya maƙale a buɗe zai jiƙa kujeru da duk wayoyin da ke cikin ƙofa. Ga kuma batun ajiye mota a kasuwa ko bakin masallaci da gilashi a sauke.

Hukuncin da aka fi yankewa cikin gaggawa shi ne “moto ya mutu”, wato ƙaramin injin lantarkin da ke cikin ƙofa. Sai a aika Kano, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Kazaure, a sayo wani na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa, a ɗaura. Bayan mako biyu ko uku gilashi ya koma jan jikinsa. Dalili shi ne sau da yawa moton lafiyarsa ƙalau. Ko dai an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, ko kuma wutar da ke isa gare shi ba ta cika ba. Duka biyun ana iya gane su da agogon waya da ƙaramar mita.

Me ke cikin ƙofar?

Gilashi mai tashi da kansa ya daɗe a duniya. Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sa shi a mota a 1940, a lokacin da matsin mai yake aiki. Daga baya aka koma ga tsarin lantarki zalla, wanda shi ne a motocin da ake magana a kansu. Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 yawancinta da hannu ake wainin gilashinta. Manyan samfuran 505 ne suka zo da na lantarki. Mercedes samfurin W123 ta fito a 1976, V-boot, wato W124, ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, Golf 3 kuma a 1991. Ke nan ko autarsu ta haura shekara 25.

Abubuwa huɗu ne ke aiki tare. Na farko makunni. Na biyu moto, wanda ke juyawa dama ko hagu gwargwadon yadda makunni ya juya masa wuta. Na uku ragileta, wato ƙarfen da ke ɗaga gilashin. A Mercedes W123 hannun ƙarfe ne mai haƙora, a Golf 3 kuma siririyar igiyar ƙarfe ce da ke naɗuwa a kan wani ɗan gare-gare. Na huɗu kwarmin roba mai laushi a ciki, wanda gefen gilashi ke bi idan yana hawa ko sauka.

Waɗannan motoci an ƙera su ne da yanayin Jamus da Faransa a zuciya. A Roni kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari, kuma hanyoyin ƙauyuka da dama ba kwalta. Ƙurar tana cika kwarmin roba, tana cakuɗuwa da tsohon giris ta zama kamar laka mai yashi. Ranar bazara ta busar da robar ta yi tauri. Damina ta zo ta jiƙa ƙurar da ta taru a gindin ƙofa, ta toshe ƙananan hujojin da ruwa ke fita, daga nan tsatsa ta kama.

Yadda ciwo biyu ke ƙara wa juna ƙarfi

A nan ne lissafin yake da daɗi. Moton lantarki yana jan wuta ne gwargwadon nauyin da ke kansa. Idan gilashi na tafiya sumul, wuta kaɗan yake sha. Idan ya cije, sai ya ja da yawa. Ita kuma wuta, duk inda ta bi ta mahaɗa mai datti ko waya da ta fara tsinkewa, wani kaso nata yana zubewa a nan ya zama zafi. Yawan abin da ke zubewa ya danganta ne da yawan wutar da ake ja.

Ga misali da dokar Ohm, wadda ɗaliban sakandare suka sani. A ƙaddara dattin da ke makunni da mahaɗun waya ya kai om 0.3. Idan moto na jan amp 4, abin da zai zube a hanya bolt 1.2 ne, gilashi zai tashi ba wanda zai lura. Idan ƙura ta sa moton ya koma jan amp 10, sai asarar ta zama bolt 3. Batirin da ke ba da bolt 12.4, abin da zai isa ga moto bolt 9.4 ne kawai, a daidai lokacin da ya fi bukatar ƙarfi. Sai ya rage gudu, ya yi zafi, ya ƙara jan wuta. Shi ya sa sabon moto kan yi aiki na ɗan lokaci: yana da sauran ƙarfin danne matsalar, kafin shi ma ya gaji.

Yawancin waɗannan motoci ba su da ramin OBD-II da ake soka na'urar bincike a haɗa da waya. Amurka ta wajabta shi ne daga 1996, Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur. Ko a motar da ke da shi ma, ƙananan na'urori masu araha lafiyar inji suke karantawa, ba ruwansu da gilashi. Don haka dole a koma ga ƙa'idar da masu rubuta manhaja ke bi idan suna farautar kuskure: a auna, a canza abu ɗaya tak, a sake aunawa, a rubuta sakamako.

Mataki na farko: gwaji ba tare da an kwance komai ba

A buɗe agogon ƙidayar daƙiƙa na waya, a auna lokacin da kowane gilashi ke ɗauka daga ƙasa zuwa sama, da daga sama zuwa ƙasa. A yi sau ɗaya inji na kashe, makulli a buɗe, sannan a maimaita inji na aiki. Lafiyayyen gilashi bai cika wuce daƙiƙa 4 ko 5 ba. Waɗannan lambobin kaɗai suna nuna inda za a dosa.

Idan duka gilasan suna jan jiki tare, da wuya a ce motoci huɗu sun lalace rana ɗaya. A duba abin da ya haɗa su: batir, kan batir, fis, da wayar nagetif da ke ɗaure a jikin mota. Cikakken batir da ya huta yana nuna kimanin bolt 12.6. Idan inji na aiki ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4, in ba haka ba altaneta ba ta caji yadda ya kamata.

Idan gilashi ɗaya ne, matsalar tana cikin wannan ƙofar ko makunninta. Idan yana sauka da gudu amma hawa na ba shi wuya sosai, a fi zargin cijewa, ko da yake ƙarancin wuta ma a wajen hawa yake fara bayyana, tunda nauyin gilashi na taimakon sauka. Idan ya karkace gefe guda yana hawa, to wani abu ya goce a ragileta, ko ƙofar ta taɓa buguwa ba a daidaita ta sosai ba. Idan ana jin ƙarar moto amma gilashi bai motsa ba, haƙori ya cinye ko igiya ta tsinke.

Akwai wata dabara mai sauƙi ga gilashin da ya ƙi motsi gaba ɗaya. A kunna fitilar rufin mota, a danna makunni ana kallonta. In haskenta ya ɗan dushe, moto na jan wuta amma wani abu ya riƙe shi. In bai canza ba ko kaɗan, wutar ce ba ta isa can. Haka kuma gilashin da ke tsayawa cak bayan an yi ta danna shi, sannan ya dawo aiki bayan 'yan mintuna, ba aljanu ba ne. Yawancin waɗannan motocin gilashi suna da wani ɗan ƙarfe a ciki da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, ya mayar idan ya huce. Alama ce ta cewa ana wahalar da shi.

Mataki na biyu: wanke hanyar gilashi

Wannan shi ne gyara mafi araha, kuma shi aka fi tsallakewa. A sauke gilashi har ƙasa. A samu tsohon burushin goge haƙori da ruwan sabulu, a goge cikin kwarmin roba ta gaba da ta baya da ta sama, har sai ruwan ya daina fitowa ja. A share da tsumma, a bari ya bushe. Sannan a fesa man silikon a cikin kwarmin, a ɗaga gilashi a sauke sau uku ko huɗu, a goge wanda ya taɓa fuskar gilashin. Sai a sake aunawa da agogo. Sau da yawa a nan labarin ke ƙarewa.

Abin da ba a so shi ne a zuba baƙin mai ko a shafa giris a robar. Ranar farko gilashi zai yi gudu, amma man fetur da danginsa suna kumbura roba, kuma a gari mai ƙura kamar Roni sun zama tarkon yashi. Man birki ya fi muni, domin yana cin fenti. WD-40 na gama-gari yana da amfani wajen kwance noti mai tsatsa, amma ba don wannan aikin aka yi shi ba. A kuma duba baƙar ledar da ake liƙa wa gilashi. In ta fara ɓarewa a gefe, tana naɗewa cikin roba ta riƙe gilashin. Robar da ta tsage ko ta lanƙwashe ciki kuwa ba ta da magani sai canji.

Mataki na uku: auna wuta a bakin moto

In wanki bai wadatar ba, sai a cire bangon ƙofa na ciki. A bi a hankali, domin maɓallan robar da ke riƙe shi sun tsufa, saurin karyewa gare su. A bayansa akwai leda da aka manne don tare danshi. Kada a yage ta a yar, a ɗaga ta a mayar bayan an gama.

A sa mita a ma'aunin bolt 20 na wutar batir. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a zare filogin moto, a auna, a ga bolt 12, a ce ai wuta na zuwa. Ko silin waya ɗaya ne ya rage bai tsinke ba, mita za ta nuna 12 muddin ba a jan komai. Gwajin gaskiya shi ne a bar filogin a jone, a soka tsinken mita ta bayansa a kan wayoyin biyu, a karanta lambar a lokacin da gilashi ke hawa. A kwatanta da abin da batir ke nunawa a wannan lokacin. Bambancin bolt 1 ko ƙasa da haka ba abin damuwa ba ne. Idan ya kai bolt 2 ko fiye, wuta na zubewa a hanya.

Wurare uku aka fi samun ɓarakar. Na farko makunni. A tsofaffin motoci da dama, duk wutar moto ta cikin makunnin take bi, kuma kowane dannawa na barin ɗan baƙin ƙuna a bakin ƙarfen. A Mercedes W123 makunnan suna kwance ne kusa da giya suna kallon sama, ƙura da shayi da ruwan leda duk a kansu suke sauka. Ana iya buɗe su a goge da sanfefa mai laushi da feshin wanke mahaɗun lantarki, amma a buɗe a cikin faranti, saboda akwai ƙananan ƙwallaye da sifirin da ke tsalle su ɓace. A motocin da direba ke da makunnin dukkan ƙofofi, wutar gilashin fasinja kan bi ta makunni biyu, don haka laifin na iya kasancewa a gefen direba.

Na biyu, wayoyin da ke ratsa robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Duk buɗe ƙofa da rufewa lanƙwasa su ake yi, shekara da shekaru, har silin ciki su karye alhali bawon waje bai nuna komai ba. Idan gilashi na aiki ƙofa a buɗe amma ya ƙi a rufe, ko akasin haka, nan ne. Na uku, inda aka ɗaure wayar nagetif a jikin mota. A kwance, a kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau.

Gwajin raba gardama shi ne a jawo wayoyi biyu masu kauri kai tsaye daga batir zuwa moto, da fis a kan ta fozitif, bayan an zare filogin motar. In gilashi ya tashi da gudu, moto da ragileta sun kuɓuta, laifin na waya ne ko makunni. In har yanzu yana jan jiki, saura ragileta da moton kansa. A Golf 3 a yi hattara, domin motonta na haɗe da allon lantarki, kuma jona wuta a ƙafar da ba ita ba zai ƙona shi. Wannan aikin mai wayarin ne da ya san samfurin.

Mai son auna amp ya sani cewa yawancin ƙananan mitoci iyakarsu amp 10, kuma moton da ya cije yana iya jan fiye da haka. Mita mai baki kamar ƙaguwa, wadda ake maƙalawa a jikin waya, ta fi dacewa, amma a tabbatar tana karanta wutar batir, don masu arahar da yawa wutar gida kawai suke aunawa.

Mataki na huɗu: ragileta da moto

Girisin da aka sa a masana'anta shekara 30 da suka wuce yanzu ya daskare kamar sabulu. A wanke shi da kalanzir daga haƙora da layin da ƙarfe ke zamewa a kai, a shafa sabon farin giris kaɗan. Yawansa ƙura yake kira. A duba 'yan robobin da ke zamewa a layin, a duba igiya ko ta fara warwarewa. A kuma zura waya a buɗe hujojin gindin ƙofa, a kwashe busasshiyar lakar da ta taru.

Akwai haɗari na gaske a nan. Ragileta mai hannun ƙarfe sau da yawa tana da naɗaɗɗen sifirin mai ƙarfi da ke taimakon ɗaga gilashi, kuma moto ne ke riƙe da shi. Wanda ya kwance moton ba tare da ya kulle hannun ba, ƙarfen na iya fizgewa ya datse masa yatsa. A tokare gilashi a sama ko a manne shi da salatif mai ƙarfi, a cire kan batir na nagetif kafin a zura hannu cikin ƙofa.

Ko an tabbatar moto ne, ba lallai sai an jefar ba. A cikinsa akwai guntayen gawayi biyu da ake kira burushi, waɗanda ke cinyewa da shekaru, da wani zoben tagulla da suke gogawa wanda ke yin baƙi. Masu gyaran kik da altaneta sun saba da irin wannan aiki. Wanda kuma zai sayi na hannu, ya sa a gwada masa da batir a gabansa ta ɓangarorin biyu, ya tafi da tsohon don kwatanta haƙora da ramukan noti, ya kuma tuna na dama da na hagu sukan bambanta.

Gyara mai ɗorewa, da abubuwan da ba a wasa da su

Ga motar da wayoyinta suka tsufa gaba ɗaya, masu wayarin kan sa rile biyu ga kowane gilashi, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Sai a jawo sabuwar waya mai kauri daga batir, da fis kusa da batirin. Daga nan aikin makunni ya koma ba da umarni kawai, babbar wutar ta bi gajeriyar hanya, makunnin ma ya daina ƙonewa. Amma a fara wanke hanyar gilashi, don tura cikakkiyar wuta ga gilashin da ya cije yana iya karya haƙori ko tsinka igiya.

Fis da ke yawan ƙonewa yana ba da labari ne cewa wani abu na jan wuta fiye da kima. Maye gurbinsa da silin waya ko takardar kwalin taba, kamar yadda wasu ke yi, yana mayar da wayoyin motar su zama fis ɗin, kuma ta haka mota ke kamawa da wuta. A sa mai lamba daidai da wanda aka cire.

Sai batun yara. Motocin zamani da yawa suna da tsarin da ke sa gilashi ya koma ƙasa idan ya ci karo da hannu. Yawancin tsofaffin ba su da shi, kuma gilashin da aka gyara ya dawo da ƙarfinsa ya fi mai jan jiki haɗari ga wuya ko yatsun yaro. A yi amfani da makunnin kulle gilasan baya in akwai, kuma kada a bar yara a mota da makulli a jiki.

Lokacin da ya fi dacewa a wanke kwarmin roba a wannan yanki shi ne ƙarshen hunturu, wajen watan Maris, sannan a buɗe hujojin gindin ƙofa kafin ruwan farko. Wanda ba zai iya aikin da kansa ba, ya isa garejin da lambobinsa a rubuce: daƙiƙa nawa kowane gilashi ke ɗauka, inji a kashe da kuma a kunne. In aka ce masa moto ne, ya roƙi mai wayarin ya auna bolt ɗin da ke isa bakin moton gilashi na hawa, ya kuma gwada shi kai tsaye daga batir a gabansa, kafin a aika kowa Ƙofar Ruwa.